Mahaya keken da hazo ke ɓoyewa a hanyar Gaya

A 2023 duniya ta yi ta jinjina wa Mamadou Safayou Barry, ɗan ƙasar Gini da ya hau keke ya nufi Jami'ar Azhar ta Masar. Ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar, ya yi kimanin kilomita 4,000 kafin ya tsaya a Chadi, inda masu alheri suka haɗa masa kuɗin jirgi. Azhar ta karɓe shi, ta ɗauki nauyin karatunsa. Yabon ya dace da shi.

Sai dai a Gaya da Ajingi akwai mutanen da in an tara tafiyar da suke yi a kan keke cikin hunturu guda, za ta ba da mamaki, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukarsu hoto. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a 2024, tsofaffin Raleigh da Phoenix da aka jingine a zaure suka koma kan titi.

A duba magidancin da ya baro ƙauyensa a Ajingi bayan Asuba ranar Juma'a, zai ci kasuwar Wudil. Buhun gero ne ɗaure a kariya da robar tsohon tif, ya naɗe hanci da kunnuwa da rawani, ya zura hannuwa cikin safa, ya shafe leɓe da man kaɗanya don kada su tsage. Sanyin jaura yakan sandarar da yatsu har kama birki ya zama aiki. Ƙura tana cakuɗuwa da baƙin man da aka ɗiga wa kaca, ta riƙa cin haƙoranta a hankali, shi ya sa masu gyara ke ganin ciniki daga Disamba zuwa Fabrairu. Ita kuwa iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Da safe tana tura shi ta baya, amma a komowa, ga gajiya ga yunwa, ita ce a gabansa, kowane taku na feda sai ya yi da ƙarfi.

Duk wannan ya saba da shi. Abin da ke neman ransa shi ne hazo.

Titin da ya tashi daga Kano ya bi ta Wudil da Gaya zuwa Shuwarin, har Maiduguri, na tireloli ne da tankokin mai. Ranar da hazo ya sauka sosai, jiragen sama ma sukan fasa sauka a Kano. To ina ga direban da ya kwana yana tuƙi ya hango mutum mai riga ruwan ƙasa, a kan baƙin keke marar fitila, kafin gari ya waye? Mai wannan shafi na ganin sakaci ne babba a bar talaka da wannan haɗari alhali maganinsa ba shi da tsada.

Ƙyallen roba mai walƙiya, irin wanda ake liƙa wa bayan manyan motoci, shi ake buƙata a madigadi da feda. Ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi za su iya sayensa su raba wa masu faci a bakin kasuwanni, duk keken da ya zo shan iska a liƙa masa kyauta. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra su hana ajiye motoci da zuba yashi a kafaɗar titi, domin abin da ke tura mai keke tsakiyar kwalta ke nan. Masarautar Gaya kuma tana da dagatai da masu unguwanni da limaman Juma'a da ake jin maganarsu. A fara tun watan Nuwamba, kafin hazon ya kankama.