Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Najeriya, Reshen Jihar Kaduna



Wannan wasiƙa ta shafi mutanen da aka kama a Zariya cikin Disambar 2015, da shirun da kafafen yaɗa labarai suka yi a kansu. Ranar 12 ga watan ne rikici ya ɓarke a titin Sakkwato, wanda ya haɗa Sabon Gari da Samaru, tsakanin ayarin Babban Hafsan Sojojin Ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Tukur Buratai, da 'yan Shi'a mabiya Sheikh Ibrahim Zakzaky. Nan da nan sanarwar soja, cewa an yi yunƙurin kashe hafsan, ta hau kanun labarai. Zargi ya samu shafin farko, waɗanda aka kwashe zuwa bariki da kurkuku kuwa ba su samu ko gefensa ba.

A Afrilun 2016, a gaban kwamitin bincike na Mai Shari'a Muhammad Lawal Garba, gwamnatin jiha da bakinta ta amsa cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya a Mando, bayan an kwaso su daga barikin Depot da asibitin koyarwa na Shika. Mando fa a Kaduna take, garin da ofisoshin jaridu suke. Kwamitin ya ɗora wa 'yan Shi'a nasu laifin, ya kuma ce a gurfanar da sojojin da ke da hannu a kisan. Wace jarida ce ta riƙe wannan shawara tana tuni a kanta?

Ranar 2 ga Disambar 2016, Mai Shari'a Gabriel Kolawole na Babbar Kotun Tarayya ya ba da umarnin sakin Zakzaky da matarsa Zeenat cikin kwana 45. Aka yi biris da umarnin har 28 ga Yulin 2021, ranar da wata kotu a Kaduna ta sallame su. Wannan ke nan ga mai suna da lauyoyi. To ina labarin talakan da ya yi shekara da shekaru a kurkukun Kaduna kafin kotu ta wanke shi? Wa ya tambayi abin da ya ci, da raunin harsashin da ya shiga da shi? Jaridar da ta buga cewa ya yi laifi, ta buga cewa an wanke shi?

Haka aka yi da barikin Giwa a Maiduguri. Ƙungiyar Amnesty ce ta ruwaito a 2015 cewa sama da mutum 7,000 sun mutu a hannun soja tun 2011, saboda yunwa, ƙishirwa, cunkoso da azaba, rundunar kuma ta musanta. Alhali a 2004 an yi ta kakabin hotunan kurkukun Abu Ghraib na Iraƙi, waɗanda 'yan jaridar Amurka suka fallasa sojojin ƙasarsu da su. Laifi tudu ne.

Ba a manta ba cewa ƙungiyar 'yan jarida tana da jarumai, aikin kuma yana da haɗari: sojoji sun mamaye ofisoshin Daily Trust na Abuja da Maiduguri a Janairun 2019. Amma sashe na 22 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa 'yan jarida nauyin bin diddigin gwamnati, kuma bai ware lokacin yaƙi ba.

Abin da ake nema kaɗan ne. A daina buga sanarwar jami'an tsaro ba tare da jin ɗaya ɓangaren ba. A nemi sunayen waɗanda ake tsare da su ta dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. A bi shari'a har ranar hukunci. A bibiyi dokar hana azabtarwa ta 2017. Idan ƙungiyar ta ƙi tsawatar wa 'ya'yanta, ranar da aka kama ɗayansu babu caji babu kotu, jama'ar da aka saba wa shiru ba za ta ɗaga murya dominsa ba.

Wassalam.
Daga wani mazaunin Samaru, Zariya.