Koko Zalla Ba Ya Gina Jariri

Da jariri ya cika wata 6, nono kaɗai ba ya isar sa. Sai dai abin da muke ɗura masa yana damuna: koko tsararo da sukari. Cikinsa ƙarami ne, idan ruwa ya cika shi, ina gurbin abinci? A kaurara kunun, a zuba garin gyaɗa ko waken suya, a marmasa kifi da dafaffen ƙwai. Ƙwan da ake hana yara, wai kada su tashi da sata, kajin gidan ne ke yi, sai a kai kasuwa! Zuma kuwa sai jariri ya shekara, domin takan ɗauko ƙwayar cuta mai shanye jiki. Nono ya ci gaba har shekara 2. Maigida, a sa kwanon jariri cikin kuɗin cefane.