Kafin ka saka wa motarka allon Android, duba ƙafafunta

Matasa da yawa kan sayi tsohuwar Lexus ko Marsandi, sai su fara da allon Android da manyan rim. A ganina wannan kuskure ne. Ramukan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ba ruwansu da kwalliya. Idan shokazoba ya mutu, taya na tsalle, mota na jijjiga, burki kuma ba ya kamawa da wuri. Ka canza su biyu-biyu, bakanike ya duba bushin, ka koma ƙaramin rim da taya mai kauri, iska kuma daidai da abin da aka rubuta a jikin ƙofa. Ko a Panteka za ka saya, duba ko yana yoyon mai kafin ka biya. Mota ta lalace maka kusa da dajin Kamuku ba abin wasa ba ne.