Wa ke riƙe da makullin wayarka?

Duk wanda ya taɓa sayen wayar Android a babbar kasuwar Maradi, ko a Dole ta Damagaram, ko a Katako ta Yamai, ya san yadda ake yi. Ka biya kuɗinka, mai shago ya ce: "Alhaji, a buɗe maka Gmail?" Ka ce a buɗe, tunda in babu shi Play Store ba ta aiki. Yaron shago ya karɓi dala ɗari, ya ƙirƙiro suna, ya sa kalmar sirri. Sau da yawa lambar wayarka ce ya sa, wani lokaci kuma kalma guda ce da yake sa ma duk wanda ya zo, don kada ya manta. Ka tafi gida da waya, makulli ya zauna a shago.

Ƴan uwa, ni ban ce masu gyaran waya ɓarayi ba ne. Akasarinsu yara ne masu neman halaliyarsu, kuma su ne suka shigar da rabin garin nan intanet. Abin da nake so mu gane shi ne girman abin da muka bari a hannunsu.

Mutane da yawa sun ɗauka Gmail akwatin wasiƙa ne kawai, su kuma ba mai rubuto masu wasiƙa, to mi ya dame su? Ai ba haka ba ne. Wannan asusu guda, kont kamar yadda muke cewa, shi ke iya riƙe da lambobin duk mutanen da ke cikin wayarka, da hotunanka in wayar tana tura su Google, da abin da ka kalla a YouTube, har da wuraren da ka je in an kunna wannan sashen. Ajiyar hirarrakinka na WhatsApp ma can take zuwa, kuma ba ta da irin kariyar da hirar kanta ke da ita sai in kai ka shiga ka kunna. Wanda ya san kalmar sirrin yana iya ganin inda wayar take, ya kulle ta, ko ya goge ta ƙaƙaf daga nesa.

Sannan ga maɓallin nan mai daɗin dannawa: "Continuer avec Google", "Continuer avec Facebook". TikTok, wasanni, shafin neman aiki, manhajar gyara hoto, duka da danna ɗaya. Sauƙi ne, wallahi, ba na musu. Amma kowace dannawa wata ƙofa ce aka ɗaura a kan makullin nan guda. Ran da ya faɗa hannun wani, ba ɗaki ɗaya aka buɗe ba.

Kuma kamfanonin ba don Allah suka sa maɓallin ba. Da shi suke ƙara sanin manhajojin da kake amfani da su, su haɗa da abin da suka riga suka sani, su sayar da talla. Facebook ya sayi Instagram a 2012, ya sayi WhatsApp a 2014, gida ɗaya ne yanzu mai suna Meta. A 2018 duniya ta ji labarin Cambridge Analytica: mutum wajen dubu 270 suka shiga wata ƴar manhajar tambayoyi da asusunsu na Facebook, ta nan aka kwashi bayanan mutum har miliyan 87, galibinsu abokan waɗanda suka danna ne, ba su ma san da manhajar ba. A watan Afrilu na 2021 kuma aka watsa lambobin waya da sunayen masu Facebook miliyan 533 daga ƙasashe 106, kyauta, kowa ya ɗauka. Idan kalmar sirrinka ita ce lambar wayarka, sai ka lissafa da kanka.

Inda abin ya fi damuna shi ne wajenmu, mu ƴan ƙungiyoyin farar hula. Nawa ne cikin ƙungiyoyinmu ke da shafi guda, kalmar sirri guda, mutum takwas ko goma suna shiga da ita? Har ana turo ta cikin gurup ɗin WhatsApp, wai don aiki ya yi sauri. Na san wata ƙungiyar matasa da aka yi saɓani cikinta lokacin zaɓen shugabanni. Wanda ya faɗi ya canza kalmar sirri a daren, shafin da aka yi shekaru ana ginawa ya tafi da shi, da hotunan ayyuka, da saƙonnin mutanen da suka kawo kokensu a asirce. Shafi ana iya sake wani. Matar da ta rubuto labarin dukan da ake mata, da sunanta da unguwarta, ita wa zai maida mata sirrinta?

Ga kuma doka. Dokar laifukan intanet ta 2019 tana nan, kuma a watan Yunin 2024 aka maido mata hukuncin ɗauri: shekara 1 zuwa 3 kan ɓata suna ko zagi, shekara 2 zuwa 5 kan yaɗa abin da aka ce zai iya tada zaune tsaye. Mun tuna Samira Sabou, ƴar jarida, ta yi kwana 48 a kaso a 2020, kuma cikin abin da aka tuhume ta da shi har da sharhin da wani ya rubuta ƙarƙashin rubutunta. To ina ga abin da aka wallafa da sunanka kai tsaye? In mutum goma na da makulli, aka kira ka komisariya, ta yaya za ka nuna ba kai ba ne? Alhali Facebook ya ba da hanya: kowane mai kula da shafi ya shiga da asusunsa na kansa, a ba shi iya ikon da aikinsa ke bukata, ran da ya bar ƙungiya a cire shi. Ko dala ba a biya. Lalaci ne kawai ya hana mu.

Na san abin da wasu za su ce: mu nan ba Turai ba ce, ba ma ɓoye ma juna. Akwai gaskiya ciki. Inna ba ta karatun boko, vokal kaɗai take saurara, dole ɗanta ya riƙe mata kod. Gida guda waya guda, wannan talauci ne ya kawo, ba laifi ba ne. Amma mu Hausawa mun san sirri tun kafin a ƙera waya. Mu ne masu zaure, mu ne masu sallama sau uku, namiji baƙo ba ya wuce soro sai an ce ya shigo. Taimaka ma Inna daban, saurayin da ke cewa yarinya "in kina sona ba ni kod ɗinki" daban. Mun ga inda irin wannan ke ƙarewa: soyayya ta watse, hotuna su fara yawo, yarinya ta kasa fita ƙofar gida, shi kuwa yana fada yana shan shayi.

Tun 2017 Nijar na da dokar kare bayanan mutane, an sabunta ta a 2022, kuma akwai hukumar HAPDP da aka kafa don wannan aiki. Ni abin da nake nema wajenta ba taron otal da faransanci ba ne. Ta shiga gidajen rediyon karkara da Hausa da Zabarmanci da Barbarci da Fulatanci da Tamajak. Ta zauna da ƙungiyoyin masu saida waya, a yi yarjejeniya mai sauƙi: duk wanda aka buɗe ma asusu, lambarsa za a sa ta farfaɗowa, ba ta mai shago ba, a rubuta masa kalmar sirri a takarda, a nuna masa inda zai canza ta kafin ya bar shagon.

Kafin su motsa, kai ka canza taka yau. Ka kunna tabbatarwa ta mataki biyu a WhatsApp, lamba shida ce da kai kaɗai za ka sani. Ka duba "Appareils connectés" ka ga ko akwai wata na'ura da ba ka sani ba. Lambobi shidan da ke zuwa ta SMS kada ka karanta ma kowa, ko da ya ce shi admin ne na gurup ɗin masallaci. In kuma ka yar da tsohon layi, ka cire shi daga asusunka tukuna, don layin da ya daɗe ba a aiki da shi kamfani na sake sayar da shi, kuma sabon mai shi ne zai riƙa karɓar kod ɗinka.