Tallafin naƙasassu a Madawa, Buza da Keita: hannun wa kuɗin ke shiga?

A kan takarda, Nijar ba ta rasa dokokin kare masu buƙata ta musamman ba. Akwai dokar 1993, akwai yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙasar ta amince da ita a 2008, sannan ga doka mai lamba 2019-62 ta watan Disamban 2019. An kuma buɗe asusun ƙasa na tallafa masu tun 1999. Ƙidayar 2012 ta nuna mutum 715,497 ne ke da naƙasa, wato kashi 4.2 cikin 100 na al'umma. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne wanda ke riƙe kuɗin tsakanin fitowarsu daga asusu da isarsu ga makaho ko gurgun da aka rubuta sunansa.

A gundumomin Madawa, Buza da Keita tambayar na da nauyi. Yanki ne na duwatsu da kwazazzabai, inda zuwa wurin biyan kuɗi daga wasu ƙauyukan Garhanga ko Allakaye ke cin wuni ga mai ƙafa ma. Da kaka ta wuce, majiya ƙarfi sun tafi cirani. Don haka naƙasasshe kan tura ɗan jagora, ko ƙane, ko maƙwabci mai babur. A cikin garuruwa kuma, masu rabon zakka da kayan azumi kan bi ta hannun sarkin makafi ko sarkin guragu. Da yawansu na riƙe amana, amma ba rasit, ba littafi, kuma wanda aka rage wa kasonsa zai yi wuya ya kai ƙarar mutumin da gobe zai sake jan sandarsa.

Tsarin tallafin gwamnati ma gida yake kallo kafin mutum. Shirin Filets Sociaux da aka soma a 2011 da kuɗin Bankin Duniya, wanda jihar Tawa na cikin waɗanda suka fara amfana, yana bai wa gida jaka 10 na sefa a wata, daga baya Wadata Talaka ya kai su jaka 15. Galibi uwargida ce ke karɓa. Dabara ce mai kyau wajen cika tukunya, sai dai kuɗin hatsi ba sa sayen keken guragu, ba sa biyan motar zuwa asibitin Galmi ko na Tawa. A gidan da gero ya ƙare tun kafin damina, buƙatar naƙasasshe ce ke komawa baya.

Ostireliya ta mayar da wannan riƙon sana'a. A shirinta na NDIS da ya fara a 2013, ana ware wa kowane naƙasasshe kasafinsa, ya zaɓi ya riƙe da kansa, ko hukuma ta riƙe, ko ya ɗauki mai kula da kasafi. Aikin wannan mutumin shi ne biyan masu yi wa naƙasasshen hidima, adana takardu, da sanar da shi abin da ya rage. Ba shi da ikon zaɓa masa abin da zai saya, ladarsa ba ta fitowa daga kuɗin hidimar, kuma ana iya sauya shi. Duk da haka an samu cuwa-cuwa, har gwamnati ta kafa rundunar yaƙi da zamba a 2022. Kwafo tsarin dungurungum zuwa Tabotaki mafarki ne, amma sharuɗɗan nan uku ba su buƙatar arzikin Ostireliya.

Akwai kuma darasi daga cikin gida. Lokacin ƙarancin abinci na 2010, ƙungiyar Concern ta raba kuɗi a ƙauyuka 96 na jihar Tawa, wasu hannu da hannu, wasu ta wayar salula. Binciken Jenny Aker ya gano cewa waɗanda suka karɓa ta waya sun rage ɓata lokacin tafiya, iyalansu kuma sun fi cin abinci iri-iri. Sai dai ga makaho, waya ba ta kawar da ɗan tsakiya: wani ne zai karanta saƙon, kuma sau da yawa shi ke riƙe da lambar sirri.

Yanzu lamarin ya ƙara tsanani, domin masu sa ido sun ragu. A watan Afrilun 2024 hukumomin CNSP sun rushe majalisun ƙananan hukumomi tare da naɗa kantomomi, ke nan babu zaɓaɓɓen kansilan da talaka zai tare a kasuwa. An janye lasisin ƙungiyar Acted a Nuwamban 2024, Amurka kuma ta datse tallafin USAID a 2025. Ga ƴan gudun hijirar Najeriya a yankin Bangi da ke neman kaso daga ɗan abin da ya saura.

Abin da ke hannun kantomomin uku da ofisoshin kula da jin daɗin jama'a ba mai tsada ba ne: a rubuta sunan wakilin da naƙasasshe ya zaɓa da bakinsa, a faɗi adadin kuɗin da babbar murya a gabansa ranar biya, a bar masa damar sauya wakili ba sai da izinin maigida ba. Rassan tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta ƙasa, FNPH, na iya zama shaidu a wurin rabon.