Babbar Riga da Akwatin da Ba Don Ita Aka Ƙera Ba

Duk motar da ta taso daga Kano ta nufi Dutse, Azare, Potiskum ko Maiduguri, sai ta bi ta gadar Wudil. A ranakun Juma'a da Asabar, da yawa daga cikin fasinjojin da ke cikin waɗannan motoci ɗaurin aure za su, ko naɗin sarauta, ko saukar karatu. Kowannensu yana ɗauke da kayan da ya kashe kuɗi masu kauri wajen saye da ɗinki da wanki da guga, ya kuma danƙa su amana ga wani akwati da aka tura ƙarƙashin buhun shinkafa a bayan mota. Kafin a isa, rigar ta yamutse, hular ta lotse, kuma aikin farko da ke gaban baƙo shi ne neman mai guga a garin da bai sani ba, yana addu'ar a sami wuta ko gawayi.

An saba ɗora laifin a kan matafiyi, a ce bai iya shirya kaya ba. Wannan hukunci bai yi adalci ba. Akwatin da ke kasuwannin Kano, daga Sabon Gari har Kantin Kwari, an tsara shi ne domin suturar wasu mutane, kuma lokaci ya yi da za a ƙera wanda ya san babbar riga da hula. Wudil na cikin wuraren da suka fi cancanta su fara wannan aiki.

Me ke yamutsa tufa?

Shadda ta gari audugar ce zalla, zaren auduga kuwa dogayen sarƙoƙi ne na wani sinadari da ake kira selulos, waɗanda wani rauni-raunin ɗauri ke riƙe da su gefe da gefe. Zafi da danshi suna kwance wannan ɗauri. Idan ya kwance alhali tufar tana lanƙwashe, sai ya sake ƙulluwa a yadda ya same ta, lanƙwasar ta zauna. Da wannan hanya dutsen guga yake aiki: a yayyafa ruwa, a ɗora zafi da nauyi, zaren ya kwanta a miƙe. Da ita kuma akwati yake warware aikin mai guga, domin a cikinsa ma akwai nauyi, akwai zafin bayan mota, akwai laimar damina ko ta Legas da Jidda. Bambancin kawai shi ne a cikin akwati babu hannun da ke miƙar da tufar kafin a danne ta.

Abu na huɗu shi ne motsi. Tufar da ta sami sarari a cikin akwati tana zamewa a kowane rami da kowace kwana, ta taru a gefe guda, sannan abin da ke kanta ya danne ta a haka. Saboda haka akwatin da bai cika ba yakan yi ɓarna kamar wanda aka cusa wa kaya fiye da ƙima.

Turawa sun nemi maganin wannan matsala ta hanyar sinadari. A tsakiyar ƙarni na 20, masu bincike a Amurka, cikinsu har da Ruth Benerito ta cibiyar binciken ma'aikatar gona a birnin New Orleans, sun inganta hanyar ƙulle sarƙoƙin auduga da ɗauri mai ƙarfi domin kada ta yamutse. Wannan ya yi wa rigar ofis amfani. Bai amfani shadda ba, domin darajarta tana cikin sheƙinta da tsayuwarta da amon da take yi idan mai ita ya motsa, kuma duk waɗannan suna zuwa ne daga matsi da sitati da bugu.

Kari ado ne

A nan ne buƙatar Bahaushe ta rabu da ta mai kwat. Burin mai kwat shi ne kada a ga layi ko ɗaya a jikin rigarsa, ban da na wando. Don haka aka ƙera masa jakar rataya, wadda ke riƙe kafaɗar kwat a kan maratayi, ta ninka ta sau ɗaya ko biyu a hankali. Babbar riga ba ta da kafaɗar da aka gina mata. Shimfiɗaɗɗiya ce mai faɗi, kuma idan ta daɗe a rataye nauyinta yakan ja ta, musamman ɓangaren da aka yi wa aiki. Wurin zamanta na asali shi ne ninki.

Wanda ya taɓa tsayawa wajen masu bugu ya ga yadda abin yake. Ana ɗora tufa a kan gungumen itace mai santsi, ana dukanta da mabugai masu nauyi, ana ninkawa ana ƙara duka, har ta fito a dunƙule, ƙwanƙwasassa, mai kusurwa huɗu. Layukan da wannan ninki ya bari su ne kari, kuma idan mutum ya warware rigar ya sa, karin nan shi ke shaida cewa rigar sabuwa ce ko kuma daga hannun gwani ta fito. Abin da ake gudu shi ne layin da ya ratsa kari a karkace, ko ya karya aikin da ke ƙirji. Aska takwas ko aska biyu da mai ɗinkin hannu ya shafe makonni yana yi ba a so a ninka ta a tsakiya, domin zaren aikin yana tashi, ya yi gashi, kuma guga ba ya mayar da shi yadda yake.

Wannan ne ya sa shawarar da ta cika intanet, wai a naɗe tufa kamar tabarma maimakon a ninka, ba ta da amfani a nan. Ta dace da singileti da wandon jins. Wanda ya naɗe shaddar da ta sha sitati ya karya ta a wurare ɗari.

Akwatin da muka gada daga wasu

Tarihin akwati tarihin sufuri ne da suturar masu hawansa. A 1858 Louis Vuitton ya fito da adaka mai shimfiɗaɗɗen murfi a Faris, domin a iya jera ta a jirgin ƙasa da na ruwa. A 1972 Bernard Sadow ya sami haƙƙin mallakar akwati mai taya a Amurka. A 1987 wani matuƙin jirgin sama, Robert Plath, ya tsayar da akwatin a kan tayoyi biyu, ya sa masa mariƙi mai zuƙewa, ya ba shi siffar da kowa ya sani yau. Kamfanonin jiragen sama kuma suka yanka masa iyaka: galibi kilo 23 ga wanda za a saka a cikin kaya, jimillar tsawo da faɗi da kauri kada ta wuce santimita 158, na hannu kuma wajen santimita 56 da 45 da 25 ko ƙasa da haka.

Kowane mataki a cikin waɗannan ya sauƙaƙa wa matafiyi ɗauka, amma biyu daga cikinsu sun cutar da babbar riga. Na farko, sandunan mariƙin nan guda biyu suna bi ta cikin akwatin, sun mayar da ƙasansa kunya-kunya kamar gona. Duk abin da aka fara shimfiɗawa a kai zai fito da tambarinsu. Na biyu, akwatin da aka shirya a kwance yanzu a tsaye yake tafiya, don haka duk abin da ke ciki yana gangarowa wajen tayoyi. Igiyoyin roba biyu da aka gicciya domin hana wannan ba sa riƙe komai sai tsakiya, kuma a nan suke yanka tufar da ke sama. Hula kuwa, ko zanna ce ko kube ko damanga, ba a tanadar mata wuri ba ko kaɗan. Mai wankin hula ya sa mata sitati, ya ɗora ta a kan gungume ta bushe da siffarta, sannan mai ita ya rasa inda zai sa ta sai cikin leda a kan cinyarsa.

Abin mamaki shi ne ƙasar Kano ta riga kowa sanin yadda ake tafiya da tufa. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ake rinawa a nan suna kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus da Tumbuktu. Turkuɗin Kura yana ratsa hamada a bayan raƙumi na tsawon watanni, ya isa hannun Buzaye da sheƙinsa. Sirrin ba wani boyayye ba ne: a buge shi, a ninke shi daidai wa daida, a naɗe shi cikin takarda, a ɗaure tamau yadda ba zai motsa ba. Fatake sun gane cewa matsin da ya bazu ko'ina daidai yana kare kari, wanda ya taru a wuri ɗaya ne yake ɓata shi. Daga lefen kaba zuwa adaka, daga fantimoti zuwa akwatin roba na yau, mazubin ya yi ta sauyawa, amma wannan ilimi bai bi shi ba.

Yadda ya kamata ya kasance

Aikin farko awo ne. A je wajen masu bugu da masu guga da teloli, a auna yadda suke ninka babbar riga da 'yar ciki da wando, da zani da mayafi da ɗankwali, sannan a yanka cikin akwatin daidai da wannan ninki. Cikakkiyar sutura ta namiji takan ci yadi goma na shadda, kaftani da wando yadi biyar, don haka kaurin kowane ɗauri abu ne da za a iya ƙididdigewa.

Sauran sun biyo baya cikin sauƙi. A fitar da sandunan mariƙi waje, ko a rufe su da faranti mai ƙarfi, ƙasan ya zama sumul. A maye gurbin igiyoyi da allo marar nauyi wanda zai danne ɗaurin gaba ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa. A raba kowace sutura da 'yar'uwarta da irin wannan allo, yadda za a zaro ta ƙasa ba tare da an tayar da ta sama ba. A sa ɗan matashi mai laushi a inda ninki ya kusanci aiki, domin lanƙwasar ta zama mai zagaye. A keɓe wa huluna gida mai bango mai tauri, wanda za a jera uku ko huɗu ɗaya cikin ɗaya. Takalmi da kwalbar turare su sami nasu ɗaki a gefen tayoyi, inda nauyinsu ba zai hau kan komai ba, kuma tsiyayar turare ba za ta kai ga farar shadda ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar injin da babu shi a Sharaɗa ko Challawa ko Bompai.

Me ya sa Wudil?

A Wudil akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kano, wadda a 2022 aka sa mata sunan Aliko Dangote, kuma kowace shekara ɗaliban injiniya suna neman abin da za su yi aikin kammala karatu a kai. A garin da ƙauyukan da ke kewaye akwai masu ɗinkin hannu da suka san inda riga ke jure ninki da inda ba ta jurewa. Akwai kasuwar Juma'a da ke tara mutane daga jihohi da dama, akwai kuma babbar hanya da za a gwada kowane samfuri a kanta, da ramukanta da ƙurarta. Birnin Kano da masana'antun roba da majemunsa tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ce. Abin da ya rage shi ne malami ya yarda cewa telan da ke bakin kasuwa yana da ilimin da ya isa a rubuta.

Wani zai ce wannan ƙaramin lamari ne a ƙasar da ke fama da tsadar abinci da rashin tsaro. Gaskiya ne ba akwati ne zai ciyar da mutane ba, amma masana'anta ba ta taɓa farawa da babban abu ba, kuma kasuwar wannan a buɗe take. Kusan kowane aure a ƙasar Hausa yana tafe da jeren akwatunan lefe. Dubban alhazai suna tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano kowace shekara da akwatuna iri ɗaya da hukumar alhazai ta ba da kwangilarsu. Masu sa babbar riga kuma sun bazu daga Dakar zuwa Bamako, daga Yamai zuwa Njamena, ban da mazauna Ingila da Amurka da ke ɗaukar kayan salla a jirgi.

Wani kuma zai ce kayan Sin za su karya farashi, kuma da zarar samfurin ya karɓu za a kwaikwaye shi. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba a raina ta. Amsarta ita ce kada a fara da gasar ƙera ƙoƙon akwatin, inda masana'antun Sin suka yi nisa. A fara da cikinsa: faranti da alluna da gidan hula waɗanda za a iya zurawa cikin akwatin da mutum ya riga ya mallaka. Telan Wudil da maƙerin roba na Kano za su iya yin wannan da jari kaɗan, su yi rajistar zanen, su riƙa gyara shi da abin da masu saye ke faɗa musu, wanda mai kwaikwayo daga nesa ba zai ji ba sai daga baya.

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Shaddar kanta daga Ostiriya ko Sin take zuwa, amma hannun mai ɗinki da mai bugu ne ya mayar da ita tamu. Akwatin ma zai iya bin wannan hanya, idan aka sami wanda zai ɗauki tef ɗin awo ya tafi rumfar mai guga.