Kada Mu Ji Tsoron Tarihin Littafinmu

Akwai wata magana da kusan kowane ɗanmu da ya shiga sakandare a Rano ko Kibiya, ko ya wuce Kano karatu, ya taɓa ji daga bakin abokinsa: "Ai Linjilar taku an sauya ta." A dā a kasuwa ko a mota ake jin ta, yanzu kuwa tana cikin wayar da ke aljihun yaro. Sau da yawa mai faɗin haka ba da mugun nufi yake yi ba, abin da ya tashi ya ji ke nan. Wani lokaci ma ɗan wanmu ne ko ɗan ƙanwarmu, gama a Dawaki da ƙauyukan kewaye da wuya a sami gidan Kirista da ba shi da dangi Musulmi. Abin damuwa shi ne amsar da yaron yake samu idan ya kawo tambayar gida. Wani ya ce ya je ya yi addu'a, wani ya ce kada ya kula su. Yaro ya yi shiru, tambayar kuwa tana nan tana cinsa.

A ganinmu lokaci ya yi da za a koyar da tarihin yadda Littafi Mai Tsarki ya iso hannunmu, a cikin majami'a, da Hausa, har da wuraren da suke da wuya.

An rubuta littattafan Sabon Alkawari da Helenanci, tsakanin wajen shekara ta 50 zuwa ta 100 bayan haihuwar Ubangijinmu. Takardun da Bulus ko Luka suka riƙe da hannunsu ba su kai zamaninmu ba, ya kamata mu faɗi haka a fili. Abin da muke da shi kofe ne da aka juya da hannu, kuma na Helenanci kaɗai sun haura 5,000. Akwai guntun takarda daga Bisharar Yahaya sura 18, bai kai tafin hannu ba, wanda aka samo a Masar, yana ajiye a birnin Manchester na Ingila. Masana da yawa suna ganin tun ƙarni na 2 aka rubuta shi. Akwai kuma babban littafin fata da ake kira Sinaiticus, na ƙarni na 4, wanda ya daɗe a gidan sufaye da ke gindin Dutsen Sina'i. Sabon Alkawari gaba ɗaya yana cikinsa. Tun 2009 an sa hotunan shafukansa a intanet, duk mai waya yana iya dubawa.

Ta wajen Tsohon Alkawari, a 1947 makiyaya suka tarar da tulunan ƙasa a kogunan dutse kusa da Tekun Gishiri. Cikin naɗaɗɗun fatun da aka fitar akwai littafin Ishaya cikakke, wanda aka rubuta kafin haihuwar Yesu. Ya girmi kofen Ibrananci da aka sani a lokacin da kimanin shekara 1,000. Da aka gwada su, saƙon ɗaya ne, yawancin bambancin na haruffa ne da ƙananan kalmomi.

To, kofen nan duka sun dace kalma da kalma? A'a. Duk wanda ya taɓa koyarwa ya san abin da ke faruwa idan ɗalibai goma suka kwafi wasiƙa daga allo. Wannan ya tsallake layi, wancan ya maimaita kalma. Amma da wuya su goman su yi kuskure a wuri ɗaya, saboda haka idan malam ya jera takardun a gabansa zai gane abin da ke allon ko da an goge shi. Aikin da masana suka daɗe suna yi ke nan.

Wannan aiki ne ya nuna cewa Markus 16:9-20 babu shi a cikin Sinaiticus da takwaransa na Batikan. Haka kuma labarin matar da aka kama da zina, Yahaya 7:53 zuwa 8:11, babu shi a kofe mafi tsufa. Shi ya sa waɗansu bugu sukan sa baka a waɗannan ayoyi, ko ɗan bayani a ƙasan shafi. Masu fassara da kansu suka nuna wurin da yatsa, mai niyyar yaudara kuwa ba ya yin haka. Tashin Almasihu daga matattu bai rataya a kan ƙarshen Markus ba, yana nan a Matiyu, Luka, Yahaya da 1 Korintiyawa 15.

Akwai zantuka biyu da yaranmu suke yawan ji. Na farko wai a taron Nikiya na 325 aka zauna aka zaɓi littattafan da ake so. Abin da ya tara mutane a Nikiya shi ne gardama a kan allahntakar Almasihu, jerin littattafai ba ya cikin abin da aka yanke. Tun wajen 180 Ireniyus ya rubuta cewa Bishara huɗu ce ikkilisiya take riƙe da ita. A 367 Atanasiyus, bishop na Iskandariya a nan Afirka, ya jera littattafai 27 ɗin nan da muke karantawa. Na biyu shi ne littafin da ake kira Linjilar Barnaba. Da Italiyanci da Sifaniyanci aka same shi, kofen da ya fi tsufa kuwa na ƙarshen ƙarni na 16 ne. Littafin har ya musanta cewa Isa shi ne Almasihu, abin da maƙwabtanmu Musulmi ma ba za su amince da shi ba.

Wani kuma yakan ce, me ya sa Littafin kakansa yake cewa Yohanna, nasa kuwa Yahaya? Wannan batun fassara ne. Tun shekarun 1850 J. F. Schön ya fara juya sassan Littafin zuwa Hausa, da taimakon wani saurayi Bahaushe mai suna Dorugu. Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka kai ga cikakken Littafi a 1932, aka sake sabuwar fassara a 1979. Hausa tana sāke kaya, amma Helenancin da aka juya daga gare shi yana nan inda yake.

Mun san abin da waɗansu dattawanmu suke gudu. Suna cewa mutanenmu manoma ne, ikkilisiyoyinmu ƙanana ne, irin wannan magana za ta rikita masu ƙaramar bangaskiya. Wannan tsoro daga ƙauna ya fito, ba mu raina shi ba. Sai dai ƙofar da ake so a rufe ta riga ta buɗe. Yaro zai ji labarin Markus 16 ko mun so ko mun ƙi. Idan daga bakin fastonsa ya fara ji, zai ɗauke shi ilimi. Idan daga bakin mai gardama ya fara ji, zai ce an ɓoye masa, daga nan ya soma shakkar sauran abin da aka koya masa. Rashin sani ya fi dare duhu. Luka ma a farkon Bishararsa ya bayyana cewa sai da ya bi diddigin al'amuran kafin ya rubuta.

Saboda haka muna roƙon fastoci da masu bishara da suka yi wannan darasi a makarantun tauhidi, kamar na Bukuru, Jos da Kagoro, kada su bar shi cikin akwati. A keɓe Lahadi huɗu ko biyar a shekara don matasa, musamman masu shirin barin gida zuwa makaranta. Zumuntar mata ma a sa su ciki, gama uwa ce take fara jin tambayar yaro. Ƙungiyarmu kuma ta nemi masu ilimi a cikinmu su rubuta ɗan littafi da Hausa mai sauƙi, wanda za a iya karanta wa wanda bai yi boko ba.

Sai mu yi hattara da abu ɗaya. Mu kaɗan ne a wannan ƙasa, rijiya ɗaya muke sha da maƙwabtanmu, kasuwa ɗaya muke ci. Duk wanda ya ɗauki wannan ilimi ya tafi zagin littafin wani, bai fahimci 1 Bitrus 3:15 ba, inda aka umarce mu mu ba da amsa da tawali'u da ladabi. Yaron da ya san amsa ba ya saurin fushi, yakan faɗi abin da ya sani, su ci gaba da abotarsu.

Ubangiji ya ba shugabanninmu hikima, ya kiyaye 'ya'yanmu cikin gaskiyarsa. Amin.